Arahar da ke hana barci

Ranar da mutum ya sayi mota, wayarsa ba ta hutawa. A kira iyaye su sa albarka, a tura wa abokai hoto, maƙwabta su fito su zagaye ta suna cewa Allah ya tsare, Allah ya sa a kashe lafiya. Sai dai akwai mai sayen da yake amsa amin da baki alhali ƙirjinsa a cushe yake. Motar lafiyarta ƙalau. Abin da ke cin sa shi ne kuɗin da ya biya sun yi kaɗan, kuma shi da kansa ya san sun yi kaɗan.

A ɗauki misalin ma'aikacin da ya shekara uku yana zubin adashi domin ya huta da hawan babur. Dillali ya kira shi bayan isha'i: “Yallaɓai, ga wata Corolla ta faɗo. Hannu ɗaya ce, fentin kamfani, ba a taɓa sauke injinta ba. Masu ita a matse suke.” Washegari ya tafi da bakanikensa. Suka tarar da ita a ƙofar wani gida an lulluɓe ta da tamfol, ƙura ta hau, domin mai ita ya rasu wata biyar ke nan, ƙaninsa ne ke tsaye a kan cinikin. Bakanike ya buɗe bonet, ya saurari inji, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, sannan ya ja maigidansa gefe ya raɗa masa cewa kada ya bari ta kwana. Motar da za ta yi, a ce, miliyan shida a wurin masu sayar da motoci, aka yi mata kuɗi huɗu da rabi. Ya taya huɗu, saboda haka aka saba ciniki, yana jiran a ce masa albarka ya ƙara. Ƙanin ya shiga cikin gida, ya ɗan jima, ya fito ya ce, “An sallama.”

Sai da ya kai ta wanki ne ya ga sauran. Katin asibiti a akwatin gaba, rasit ɗin kuɗin makaranta da aka biya rabi, da takalmin yaro ƙafa ɗaya a ƙarƙashin kujera. Abokai suna ce masa ya tsinci dami a kala, shi kuwa duk lokacin da ya murɗa makulli sai ya tuna minti biyar ɗin da ƙanin ya yi a cikin gida, da matar mamacin da ta amince daga bayan labule.

Irin wannan ciniki ya yawaita a Najeriya a 'yan shekarun nan, kuma dalilinsa a fili yake. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A watan Yunin 2023 aka saki naira kasuwa ta yi mata daraja, dalar da take wajen naira 460 a farashin hukuma ta zarce 1,500 a farkon 2024. Dama a Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu, hanyar da 'yan Kwatano suka saba biyowa ta Nijar su faɗo Arewa. Sai abubuwa biyu suka haɗu a lokaci guda. Motar waje ta yi tsadar da ta jawo ta hannu sama, sannan masu motoci da yawa suka kasa zuba musu mai, ko kuma haya da asibiti da makaranta suka taso su a gaba, suka fitar da su kasuwa.

A nan wani tarko yake wanda ba kowa ke lura da shi ba. Wanda ba ya bin kasuwar motoci yana yi wa tasa kuɗi ne da abin da ya tuna ya biya. Dattijon da ya sayi mota miliyan biyu kafin zuwan korona, in aka miƙa masa uku yau, gani yake ya hau ta shekaru ya kuma ci riba. Bai san cewa ukun nan ba za su saya masa ko wadda ta fi tasa tsufa ba. Zai yi wa mai sayen addu'a har bakin ƙofa, kuma addu'ar nan ce ta fi komai nauyi a kan wanda ya san farashin gaskiya.

Masana tattalin arziki sun daɗe suna nazarin kasuwar tsofaffin motoci. A 1970 wani masani ɗan Amurka, George Akerlof, ya rubuta maƙalar da ta yi suna a kan yadda mai sayarwa ya fi mai saye sanin aibin motarsa, da yadda wannan ke sa masu saye su riƙa karya farashin kowace mota don tsoron ruɓaɓɓiya, har masu motoci nagari su janye daga kasuwa. Aikin yana cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. Duk wanda ya taɓa sayen motar da aka mayar wa agogon tafiya baya, ko aka ɗora wa injin da aka harhaɗo daga kasuwar Ƙofar Ruwa aka ce ɗan kamfani ne, ya san gaskiyar maganar. Shi ya sa mai saye yake zuwa a shirye kamar mai shiga kokawa. Matsalar ita ce wani lokaci yakan iso da bakanike da dillali da sanin farashi a waya, ya tarar da abokin kokawar tasa gwauruwa ce, ko ɗan fansho, ko uban da ɗansa ke kwance ana yi masa wankin ƙoda. Ya riga ya kayar kafin ya lura ba da wanda ya zata yake yi ba.

Malaman fiƙihu sun san wannan tun da daɗewa, suna kiran sa gabnu, wato a saya ko a sayar da abu nesa da ƙimarsa. Abin da ya shahara a mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Muhtasar na Halil, shi ne ba a warware ciniki don kawai wani ya yi arha ko tsada, muddin baligi ne mai hankali ya yarda. Amma an yi magana ta daban a kan wanda ya miƙa wuya ya ce bai san farashi ba, a saya yadda mutane ke saye. Ibn Asim kuma, a Tuhfatul Hukkam da alƙalanmu suka daɗe suna karantawa, ya ba wanda aka yi wa gabnu damar tayar da magana in bai san ƙimar ba, in giɓin ya kai sulusi, kuma ba a wuce shekara ba. In dukiyar ta marayu ce lamarin ya fi tsanani, domin wanda ke tsaye a kanta ba shi da ikon yin rangwame da abin da ba nasa ba. Hadisin da ya hana tare ayari a hanya a sayi kayansu kafin su shigo kasuwa su ji farashi yana kare mutum ne daga wannan ramin, har ya ba mai kayan zaɓi in ya iso ya ga an kwashe shi. A cinikin Corollar nan, miliyan huɗu a kan abin da ya kai shida, in aka lissafa giɓin, sulusin nan ne cif.

Ba kowace araha ce ke da laifi ba, kuma adalci ne a faɗi haka. Akwai mai sayarwar da ya san farashi sarai amma jirginsa na jibi ne. Akwai wanda ya gaji da masu zuwa su buga taya, su zagaya unguwa da mansa, su ce za su dawo. Kuɗi a hannu yau yana da tasa daraja, wanda ya rage farashi don ya huta ya sayi hutun ne da idonsa biyu. Mai saye ma kasada ya ɗauka, domin motar da ta yi shiru a ƙofar gida tana iya neman giya bayan wata biyu, ba kuma wanda zai maido masa ko sisi. Sannan da bai saya ba, mai yiwuwa dillalin ne zai karɓe ta a uku da rabi ya wanke ya sa a layi. Duk waɗannan gaskiya ne, su ne kuma abokai ke jera masa a majalisa: ai ba ƙwace ka yi ba, su suka sallama, rabonka ne ya rantse.

Amma akwai abin da ke tona asirin waɗannan hujjoji. Wanda ya sayi mota da arha a hannun attajirin da ke sauya ta zuwa sabuwa ba ya buƙatar kowa ya lallashe shi, fahariya ma yake yi. Wanda ke yawo da labarin daga wannan aboki zuwa wancan yana neman a wanke shi, zuciyarsa ta riga ta gaya masa daga ina ragin ya fito. Ya san da a ce a gaban ƙanin mamacin bakanike ya faɗi abin da ya raɗa, da cinikin bai faɗi a huɗu ba. Raɗar nan ita ce ma'aunin. Wannan damuwa kuwa bai kamata a yi mata kallon raunin zuciya ko rashin iya kasuwa ba, ta cancanci a saurare ta.

Ana ba da labarin sahabi Jarir bin Abdullahi Albajali, wanda Ɗabarani ya ruwaito, Nawawi kuma ya kawo a sharhinsa na Sahihu Muslim. Ya aiki yaronsa ya sayo masa doki, yaron ya ƙulla ciniki a dirhami 300, ya zo da mai dokin a biya shi. Jarir ya dubi dokin ya gaya wa mai shi cewa ya fi haka, ko zai sayar a 400? Mutumin ya ce yadda ka ga dama. Ya yi ta ƙarawa ɗari-ɗari, kowane karo yana cewa dokin ya fi haka, har ya tsaya a 800. Da aka tambaye shi dalili, sai ya ambaci mubaya'ar da ya yi wa Annabi (SAW) a kan yi wa kowane Musulmi nasiha. Cinikin farko bai ɓaci ba, yaron bai yi ƙarya ba, mai dokin ya yarda. Jarir dai ya san abin da mai dokin bai sani ba, ya ƙi cin moriyar shirunsa.

Ba kowa zai iya ninka kuɗi haka ba, balle mai albashin da ya kwashe adashinsa kaf. Sa'ar da aka yi ita ce cinikin mota ba ya rufe ƙofa. Lambar wayar tana nan, gidan yana nan, takardun ma sau da yawa ba a gama sauya musu suna ba. Mutum yana iya komawa ya faɗi abin da ya gano game da farashin, ya ba su zaɓin karɓar motarsu su maido kuɗinsa, abin da malamai ke kira iƙala kuma hadisi ya kwaɗaitar a kai. In kuɗin sun riga sun shige asibiti, kamar yadda aka fi samu, yana iya ƙara abin da ya sawwaƙa, ko da kashi-kashi ne a ƙarshen wata. Abin lura kawai shi ne sunan da za a ba kuɗin. Mutumin da ya sayar da motar ɗan'uwansa don rufin asiri ba zai ji daɗi a dawo masa da abin da ya yi kama da sadaka ba. “Malam, na bincika na ga motar nan ta fi abin da na bayar, ga cikon kuɗinku” magana ce da ke barin mutum da mutuncinsa, domin haƙƙinsa aka ce an kawo masa.

Wannan ladabin yana cikin cinikin abin hawa na hannu da ya fi kowane shahara a littattafan hadisi, wanda Buhari da Muslim duk suka kawo. Jabir bin Abdullahi matashi ne, an kashe mahaifinsa a Uhudu, ya bar masa bashi da ƙanne mata. A hanyar dawowa daga wata tafiya raƙuminsa ya gaji ya koma bayan ayari. Annabi (SAW) ya zo ya zungure shi ya yi masa addu'a, raƙumin ya miƙe har yana neman wuce na gaba. Suna tafe yana tambayar Jabir labarin aurensa da na gidansu, sannan ya nemi ya sayar masa da raƙumin. Jabir ya so ya ba shi kyauta, ya ƙi, sai dai saye. Suka daidaita a kan uƙiya ɗaya, da sharaɗin Jabir ya ci gaba da hawa har Madina. Da suka isa ya kawo raƙumin, aka umarci Bilal ya auna masa kuɗinsa ya kuma ƙara masa. Jabir ya juya ya tafi, aka sake kiran sa, ya dawo yana tsoron za a maido masa da raƙumin ne a karɓi kuɗin. Sai aka ce ya tafi da raƙumin, ya riƙe kuɗin.

Ƙarin da Bilal ya yi masa ƙiraɗi ɗaya ne, ɗan guntun abu in an gwada da uƙiyar. Jabir bai kashe shi ba. Ya ajiye shi a jakar kuɗinsa fiye da shekara hamsin, har zuwa ranar yaƙin Harra a shekara ta 63 bayan Hijira, lokacin da sojojin Sham suka shiga Madina suka ƙwace shi.