Akwatin intanet na gidan tela

Tamanrasset babban gari ne a kudancin Aljeriya, cikin duwatsun Ahaggar. Daga nan zuwa Alje, babban birnin ƙasar, kusan kilomita 2000 ne. Zuwa In Gezzam kuwa, bakin iyakar Nijar, wajen kilomita 400 ne kawai. Shi ya sa ake samun Hausawa da yawa a garin.

A unguwar Tahaggart akwai wani tela ɗan Damagaram. Yana zaune da matarsa da ƴaƴansa uku. Tsohuwarsa tana gida, Damagaram. Kowace Juma'a, in an sauko daga masallaci, sai wani jikanta ya kai mata waya, ta ga ɗanta ta WhatsApp. Wanda ɗansa yake bayan hamada, in ya ji shiru, ba ya barci.

A ɗakin tela akwai wani ɗan farin akwati mai fitilu. Da Faransanci ana ce masa « routeur ». Shi ne yake kamo intanet ya raba wa wayoyin gida. A cikinsa akwai ɗan kati, wanda ake ce wa layi, ko « puce ». A Aljeriya kamfanonin wayar hannu uku ne: Mobilis da Djezzy da Ooredoo. Tun 2016 suke sayar da intanet mai sauri da ake kira 4G.

Wata ranar Alhamis tela ya sake kamfani, don sabon ya fi ƙarfi a unguwarsu. Ya je da takardunsa, ya sayi layi, ya zo ya sa a akwati. Wayoyi duka suka kama wifi. Amma saƙo ya ƙi tafiya. Ya kashe, ya kunna. Shiru. Ga shi gobe Juma'a, ofisoshi a rufe suke.

Babbar ɗiyarsa ta yi aji biyar a Arlit kafin su taso. Sunan tsohuwarsa gare ta, don haka yake ce mata Uwata. Ta duba akwatin da kyau, ta ce:

« Baba, fitila biyu kore ne, ɗaya ja ce. »

« To, mene ne ja ɗin, Uwata? »

« An rubuta "Internet" a ƙarƙashinta. »

Yara, ku lura da nan. Akwatin nan kamar zaure yake, ƙofa biyu gare shi. Ƙofa ɗaya tana duban cikin gida: ita ce wifi, ta nan wayoyi suke shiga. Ɗaya ƙofar tana duban waje, wajen dogon ƙarfen kamfani. Mutum yana iya shiga zaure ya zauna, alhali ƙofar waje a kulle take. Abin da ya sami wayoyin gidan tela ke nan. Manya da yawa ba su san haka ba. Da sun ga alamar wifi ta cika, sai su ce intanet ya zo.

Yarinya ta juya akwatin. A gindinsa akwai ƴar takarda mai ƙananan rubutu: sunan wifi, da kalmar sirri, da waɗansu lambobi huɗu masu ɗigo a tsakani. Ta rubuta lambobin a wayar Baba, wurin da ake neman shafi. Sai ga shafin akwatin ya buɗe, duk da Faransanci.

Da farko ya nemi « code PIN ». Baba ya ce a gwada 1234. Yarinya ta ƙi, kuma ta yi daidai: in aka yi kuskure sau uku, layi ya kulle. Ta ɗauko babban katin da aka ɓalle layin daga jikinsa, ta karanta lambar a can.

Fitila tana nan ja. Ta ci gaba da karatu a hankali, tana bin layi da yatsa, har ta kai wurin da aka rubuta APN. Wannan shi ne sunan ƙofar kamfani. Kowane kamfani da irin sunan da yake ba ƙofarsa. Ashe akwatin yana ta sallama da sunan tsohon kamfani! Ta goge shi, ta kwafi wanda yake cikin takardar sabon layi, harafi bayan harafi, ta danna « Enregistrer ».

Fitila ta yi ƙyaf-ƙyaf, ta zama kore. Amma hoto yana tsinkewa, don bangon ɗakin mai kauri ne. Sai Inna ta kau da kwanoni daga taga, aka ɗora akwatin a can.

Washegari, bayan masallaci, waya ta shiga Damagaram. Tsohuwa ta ce:

« Ina takwarata? Ku matso da ita in gan ta. Kuna sa mata rigar sanyi kuwa? »

Da yamma yarinya ta rubuta lambar PIN da sunan APN a bayan littafin awon Baba, kusa da lambar wayar Kaka.