Karayar Yaro: Abin da Shekaru Suka Koya Mini

Duk gidan da Allah ya albarkace shi da 'ya'ya da jikoki a ƙasar Bungudu, da wuya a ce bai taɓa jinyar karaya ba. Lokacin mangwaro yara na faɗowa daga reshe. Da kaka sukan zamo daga amalanke ko bayan jaki. Na wajen Kwatarkwashi ga duwatsu, na cikin gari kuma ga babura. Na raini nawa, na ga na maƙwabta, kuma abin da na tabbatar shi ne, karayar kanta ba kasafai take nakasa yaro ba. Abin da manya suka yi a yinin farko da daren farko shi ke yanke hukunci.

Darasi na farko, kada a tarbi yaron da ya faɗo da bulala. Da yawa daga cikinmu kafin mu duba hannun sai mun fara da "Wa ya aike ka hawan icce?" Yaron da ya san duka na jiransa yakan ɓoye ciwo. Sai ya shige ɗaki ya lafe, uwa ba za ta lura ba sai an zo cin tuwo ta ga ya kasa kai loma. Faɗa ba ya wucewa, ana iya yinsa bayan an warke. Ka tambaye shi a hankali yadda ya faɗi da inda ke masa zafi. In yarinya ce a cire mata awarwaro da zobe tun kafin kumburi ya riƙe su. A tallafe hannun da kwali, a rataye shi a wuya da ɗankwali, kada kowa ya ja ko ya murza.

Na biyu, ƙashin yaro daban yake da na babba. Kamar ɗanyen reshe yake: yakan tanƙware ya tsage ta gefe guda ba tare da ya rabu biyu ba. Shi ya sa ake ruɗewa a ce targaɗe ne, a yi ta murza da man zafi. Yana kuma saurin haɗewa, domin karayar hannu a ƙaramin yaro takan kama cikin mako 3 zuwa 6. Wannan rahama ce, amma in an ɗora shi a karkace, a karkacen zai yi saurin kamawa. Sannan a bakin kowace gaɓa akwai wurin da ƙashi ke tsiro. In karaya ta taɓa nan ba a gane ba, hannu ko ƙafa na iya girma a gajarce. Wurin da ya fi ban tsoro shi ne saman gwiwar hannu, inda yara 'yan shekara 5 zuwa 7 suka fi karyewa in sun dafa ƙasa da tafi, domin babbar jijiyar jini ta bi ta gaban ƙashin nan.

Ba zan zagi maɗora ba. Sana'a ce ta gado, kuma sun yi wa jama'a aiki tun lokacin da mai babbar karaya sai dai a kai shi Sakkwato, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959. Amma yatsan maɗori, komai gwanintarsa, ba ya ganin cikin tsoka. Gani ya kori ji. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996 Gusau ta zama babban birni, yau ga Asibitin Tarayya, ga Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, ga kuma babban asibitinmu na Bungudu da za a fara zuwa a nemi shawara. Tafiyar ba ta kai awa guda ba. A yi hoto tukuna, a san irin karayar. Kuma a tashi da rana tsaka, kada a ce bari a ga yadda zai wuni, domin kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki, ba mai son fita da mara lafiya bayan magariba.

Darasi mafi nauyi shi ne na ɗauri. Na ga yara masu guntun hannu waɗanda karayarsu ba ta kai ta kawo ba. An jera kara an tamke da tsumma, hannu ya kumbura a ciki, jini ya rasa hanya. Yaro na ta ihu cikin dare, kaka na cewa, "Yi haƙuri ɗan nan, ɗori ne ke kamawa." Nan haƙuri ba wurinsa ba ne. Tsokar da jini ya yanke mata takan fara mutuwa cikin kamar awa 6, kuma abin da ya mutu ba ya dawowa. Don haka uwa da uba su kwana suna duba yatsu. In zafi sai ƙaruwa yake ko da an sha magani, in an miƙar da yatsa yaro ya ƙwala ƙara, in yatsu sun yi sanyi ko sun sauya launi, ko ya ce ba ya jinsu, to a sassauta ɗaurin nan take a nufi asibiti. Ko simintin asibiti ne ya matse haka, a koma a buɗe shi. Kunyar maɗori ko tsoron faɗan likita ba su kai hannun ɗanka ba.

In kuwa ƙashi ya huda fata, kada a zuba toka ko ƙasa ko garin magani. A rufe da tsumma mai tsabta a tafi, domin wannan na bukatar wanki da allurar tetanus.

Bayan an wuce wannan, sai haƙuri na gaskiya ya zo. Yaro zai yi rigima, zai yi ƙaiƙayi, zai nemi tsinke ya soka cikin siminti. A hana shi, a kuma kare simintin daga ruwa. A ɗora hannun kan matashi. A ba shi nono da wake da ƙwai da zogale. A bar abokansa su shigo su yi wasa, a sanar da malaminsa na boko da na allo. Uwa ma a tausaya mata. Maimakon "Ina kike har ya faɗo?", a ce mata "Sannu, ya mai jiki?", a karɓe ta girki.

Na san abin da ke tura mutane gidan ɗori shi ne kuɗi, kuma ban raina wannan uzuri ba. To amma a nan zumunci ke da rana. Dangin da ke haɗa gudummawar biki da suna za su iya haɗa kuɗin hoto da na mota. Ku 'yan'uwana iyaye da kakanni, in yaro ya karye ku kai shi a ga ƙashin, ku kuma saurari kukansa a daren farko. Allah ya tsare mana zuri'a, ya ba marasa lafiya sauƙi.