Iska ce ke ɗaukar kaya

Wanda ya ga tirela ta taso daga Galmi maƙare da albasa, ko daga Malbaza da siminti, yabon inji yake yi. Mu da muke cin abinci a gindin mota mun san cewa duk nauyin nan a kan iska yake zaune. Taya riga ce kawai da aka ɗinka wa iska.

Na yi shekaru ina jan babbar mota a hanyar Yamai zuwa Damagaram, kuma babu tayoyin da nake jin tausayi kamar na bayan kan mota, waɗanda inji ke juyawa. Na gaba aikinsu tuƙi, na bodi aikinsu ɗauka. Su kuwa waɗannan suna ɗauka suna ja, su ke kokawa da hawa da yashi da taɓon damina. Shi ya sa zanensu ya bambanta. Tayar gaba tana da layuka miƙaƙƙu don ta riƙe hanya, ta ja kuwa tana da manyan haƙora a gicciye don ta ciji ƙasa.

Idan na je saye, gefen taya nake karantawa kafin in tambayi kuɗi. A jikin 315/80R22.5 sau da yawa za ka ga 156/150. Ma'anarsa tana ɗaukar kilo 4,000 idan ita kaɗai ce, amma kilo 3,350 idan an haɗa ta tagwaye. Akwai kuma lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT: 2319 na nufin an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Tayar gwanjo takan zo da haƙora masu kyau alhali robar ta tsufa ta bushe, kuma kwaltar watan Afrilu ba ta raga wa tsohuwar roba. Araha ba ta ado.

Tagwaye kuwa dole su zama tsara. Idan aka haɗa sabuwa da wadda ta sha hanya, doguwar ce za ta ɗauki kayan har ta yi zafi, gajerar kuma a yi ta jan ta a ƙasa tana gogewa. Haka ma idan iskar ɗaya ta fi ta ɗaya. Ta ciki ce aka fi zalunta, don bakin iskarta yana da wuyar kaiwa, sai a duba ta waje a wuce.

Yaran mota da yawa ƙarfe suke bugawa a taya su saurari ƙara. Ƙarfe zai gaya maka tayar da ta sace gaba ɗaya, ba zai bambanta maka bar 8 da bar 6 ba. Geji ne ke yin wannan, kuma da asuba ake aunawa, kafin mota ta motsa. Tayar da iskarta ta gaza tana lanƙwasa a kowane juyi, lanƙwasar tana haifar da zafi, zafin yana cin wayoyin ƙarfen da ke cikinta. Ranar da ta fashe a ce tsautsayi ne, alhali ta yi makonni tana mutuwa.

Al'adar da ta fi ba ni tsoro ita ce rage iska da tsakar rana. Direba ya tsaya a Konni, ya ji taya kamar garwashi, ya ce wa yaronsa: «Rage mata, kada ta fashe.» Iska takan ƙaru idan taya ta ɗumama, kuma masu ƙera ta sun yi lissafin wannan. Wanda ya rage ya ƙara mata lanƙwasa, ya ƙara mata zafin da yake gudu. Maganin taya mai zafi inuwa ne da hutu da rage gudu.

Ba direba kaɗai ke da laifi ba. Tun 2005 ƙasashen UEMOA suka kafa doka ta 14 da ta ƙayyade nauyin da babbar mota za ta ɗauka, amma mai kaya yana son buhu ɗari ƙari, mai mota yana son biyan bashi. Babu iskar da za ta sa taya ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta.

Wanda ya fi kowa kusa da haɗarin shi ne yaron da ke tsugune a gaban taya wajen mai faci. Tayar da ta yi tafiya a sace gefenta na iya yagewa lokacin da ake hura ta, kuma ƙarfin fashewar yana kisa. Ni dai nakan sa a ƙara tsawon tiyo, in ce wa yaro ya koma gefe. Uwarsa amana ta ba ni shi, kuma taya ana sayen wata.