Kwana Goma da Yaran Ƙaura da Shinkafi da Zurmi

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ɗan fili in ba 'yan'uwana malamai labarin abin da muka gwada a Ƙaura Namoda cikin hutun damina.

Mu huɗu muka shawarta mu tara manyan 'yan makaranta daga Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, su kwana 10 wuri ɗaya, mu koya musu yadda Gwamnati ke shirya tsaron ƙasa. Dalili kuwa, yaron da ya tashi cikin wannan fitina yana iya rarrabe ƙarar bindigogi, amma bai san 'yan sanda a hannun Gwamnatin Tarayya suke ba, ba a hannun Gwamna ba.

Wuyar farko iyaye. Tun da aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe cikin Fabrairu 2021, ba mai son jin maganar kwana a makaranta. Wani dattijon Zurmi ya ce mini, "Malam, za ka koya masa tsaro, kai wa ke tsaronka?" Na rasa ta cewa. Sai da muka yarda su kwana tsakiyar gari, sa'an nan aka ba mu yara 18.

Ba mu cika su da wa'azi ba. Muka ɗauko musu Satumba 2021, sa'ad da aka rufe kasuwannin mako, aka taƙaita sayar da fetur, aka yanke layukan waya a Zamfara don a matsa wa 'yan bindiga. Muka naɗa wannan Gwamna, wancan shugaban soja, wancan Sarki, wancan ɗan kasuwa, muka ce to, ku yanke. Wanda aka naɗa Gwamna ya ce a rufe, ko ɗar bai yi ba. Sai ɗan Shinkafi ya miƙe, murya na rawa, ya ce a shekarar nan ubansa ya sayar da akuyarsu ta ƙarshe, gama da kasuwa suke ci. Gwamna ya yi tsit. Suka kai magariba suna gardama, ba su daidaita ba, ni kuwa ban raba musu ba.

Amma abin da ya fi damuna ba a aji ya faru ba. Akwai yaro Bafulatani ɗaya cikinsu. Daren farko ba wanda ya sa hannu a akushinsa, har wani ya yi raɗa wai ɗan leƙen asiri ne. Da safe na tambaye su wane ne Namoda. Suka ce jarumi ne, yana cikin waɗanda suka ci Alƙalawa a 1808. Na ce to, Bafulatani ne, daga Alibawa, sunansa kuma garin nan ke amsawa. Kada mai karatu ya ce magana ɗaya ta gyara su. Sai dare na shida na ga uku suna ci tare da shi. Ɗaya kuwa har aka watse bai yi masa magana ba, daga baya na ji an kashe wansa a gona. Ban tsawata masa ba, ban kuwa san ko na yi daidai ba.

Baɗi in Allah ya kai mu muna so mu sake, da 'yan mata kuma, in iyaye sun yarda. Malamin da ya taɓa gwada irin wannan, ina roƙo ya ba mu shawara ta wannan shafi.

Haza wasalam.

Wani malamin makaranta,
Ƙaura Namoda.