Asabar da Lahadi a Monako

Hausawa kan ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Da wannan karin magana na daɗe ina auna tseren motoci na Formula 1, inda akan yi gwajin gudu ran Asabar domin a jera direbobi, watau wanda ya fi kowa sauri a zagaye guda shi zai tsaya a gaba ran Lahadi. Da zarar na ga sakamakon Asabar, sai in yanke hukunci, in kuma kafe a kai.

Wani dare a ɗakin kwananmu abokina ya kunna mini tsohon hoton tseren Monako na 1988, wanda ban san ƙarshensa ba. A gwajin gudu Ayrton Senna ya ba Alain Prost ratar kusan sakan ɗaya da rabi, alhali kuwa motarsu iri ɗaya ce, ta McLaren. Mai karatu zai ga kamar ratar ba ta taka kara ta karya ba, amma a wannan sana'a tazara ce mai ban tsoro. Ga shi titunan Monako ƙunci gare su, wuce na gaba sai an sha wuya. Na ce masa ai magana ta ƙare, in Senna bai ci ba shayin mako guda a wuyana. Ya yi murmushi kawai.

Da aka tashi, Gerhard Berger ya shiga gaban Prost ya tsare shi, Senna kuwa ya yi ta nisa har ya ba su wajen sakan 50. Mutanensa suka yi masa magana ta rediyo ya sassauta. To, ba a nan gizo ke saƙar ba. A zagaye na 67 daga cikin 78, ba mai korarsa, ba ruwan sama, sai ya daki shingen ƙarfe a kwanar Portier. Ya fito, ya taka da ƙafa zuwa gidansa da ke kusa. Prost ya ci.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, zagaye guda na Asabar mutum da tsoronsa yake yi, hankalinsa a tattare. Lahadi kuwa kusan awa biyu ce, kuma a ganina ratar da ya tara ita ta raba masa hankali.

Daga 1989 zuwa 1993 ba wanda ya ci Monako sai Senna. Na faɗa wa abokina haka a teburin mai shayi, ya ce in dai biya tukuna.