Satiru da Bakin Waɗanda Suka Tsira

Ranar 10 ga Maris 1906 rundunar Turawan Ingila ta auka wa Satiru, wani ƙauye da ke kudu da birnin Sakkwato, domin ramuwar kashin da mutanen garin suka ba ta cikin watan Fabrairu, inda Turawa uku suka mutu. An kashe kimanin mutum 2,000, aka kwashe mata da yara, aka rushe garin, aka kuma hana sake zama a cikinsa. Mafi yawan abin da manazarci zai samu a yau game da wannan rana, daga rahotannin waɗanda suka yi kisan ya fito. Matan da aka tasa gaba kuwa, galibinsu sun shiga kabari da nasu labarin.

Irin wannan asara ce gidajen tarihin kisan ƙare dangi suke ƙoƙarin hanawa. Yad Vashem, wanda aka kafa a Ƙudus cikin 1953, ya tattara sunayen Yahudawa fiye da miliyan huɗu daga cikin waɗanda 'yan Nazi suka hallaka, yawancinsu ta hanyar takardun da dangi suka cike. Haka nan gidan tunawa na Kigali a ƙasar Ruwanda, wanda aka buɗe cikin 2004, shekara goma bayan kisan Tutsi, yana ajiye da hotunan mamata da tufafinsu, a harabar da aka binne mutum sama da 250,000.

Aikin yana da ƙa'idoji. Da farko sai an nemi yardar mai ba da shaida, a bar shi ya yi magana da harshensa, ba tare da katse shi ko sa masa magana a baki ba. Daga nan a rubuta abin da aka naɗa kalma da kalma, a fitar da sunayen mutane da na garuruwa domin a gwada su da bayanin wasu, sannan a ajiye kwafi a wurare dabam-dabam saboda gobara. Kayan da aka karɓa kuwa, kowanne sai an rubuta mai shi, da inda aka same shi, da wanda ya kawo shi, kafin a killace shi daga danshi da gara da hasken rana. Dalili shi ne, riga mai huji tsumma ce kawai, sai an san wanda ke sanye da ita ranar da aka huda ta take zama hujja.

Ƙasar Zazzau ta taɓa ganin amfanin irin wannan aiki. Tsakanin 1949 da 1950, a garin Giwa, Mary Smith ta rubuta tarihin Baba ta Karo daga bakinta, aka buga shi cikin 1954. Albarkacin wannan tsohuwa guda aka ji yadda talaka ya ɗanɗani hare-haren neman bayi, da yadda dangi ke fansar nasu da kuɗin wuri. Baba ta rasu cikin 1951, watau da an yi jinkirin shekara biyu, da shi ke nan.

A Saulawa da Ikara da Makarfi da Kudan akwai dattawa masu riƙe da abin da kakanninsu suka faɗa musu na zamanin hari. Akwai kuma, a faɗin jihar, waɗanda suka ga rikicin Kaduna na 2000 da na bayan zaɓen 2011 da idonsu. Ko da shari'a ba ta kira waɗannan kisan ƙare dangi ba, wanda ya rasa 'ya'yansa ya cancanci a saurare shi, Musulmi ne ko Kirista. Wurin ajiya ba ya wuya, ga Gidan Arewa a Kaduna tun 1970. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai zuwa ya zauna a zaure ya saurara.

Wannan nauyi ya fi hawa kan ɗalibin Hausa, domin shi ya san abin da tsohuwa take nufi idan ta sakaya magana, ko ta yi shiru a tsakiyarta. Waiwaye adon tafiya ne, amma sai da mai nuna inda aka baro, kuma kowace damina masu nunin raguwa suke yi.