Kura: Ɗanɗano Namu, Suna Na Wasu

Litinin

Mun sauka Kura da hantsi, ni da wani abokina malamin gona da ya taɓa yin kwas a yankin Bordo na Faransa. Hunturu ya busar da ko'ina, amma da ka sauka daga titin Zariya ka bi gefen kanal, sai kore shar: alkama, albasa, masara, tumatir. Ruwan daga madatsar Tiga yake gangarowa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ya ratsa Ruwan Kanya ya watsu cikin gonakin Bunkure da Garun Malam da Kura. Ba inji ke turo shi ba, gangara ce kawai. Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are, da aka kafa a 1976, ita ke riƙe da makullan.

Da dare Malam ya ba ni labarin masu gonakin inabi na can. Ba abin da ke cikin kwalbar ne ya dame shi ba, wannan haramun ne, magana ta ƙare. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne yadda baƙo ke biyan kuɗi ya zagaya gona, ya ga wurin matsa, ya shiga ma'ajiya, a gaya masa irin ƙasar da shekarar girbi. Tun 1855 aka jera gonakin Bordo daraja-daraja, a 1935 kuma aka yi dokar da ta hana kowa ɗora sunan wani yanki a kan kayan da ba can aka noma ba. Ya ce mu bi Kura da irin wannan ido.

Talata

Yau ranar shinkafa ce. Mun shiga wani gida inda ake turara. Sai an jiƙa shanshera ta kwana, a ɗora a tukunya ta sha tururi, a baza a tabarma ta bushe, sannan a kai inji. Uwar gidan ta ɗebi ƙwaya biyu ta tauna.

"Inna, me kike ji?" in ji Malam.

"Ɗan nan, wannan da sauranta. In aka kai ta inji haka, karyewa za ta yi."

Ba ta da ma'aunin danshi, haƙori ne ma'auninta. Ta zubo mana Jamila da Sipi, wadda malaman gona ke kira FARO 44, ta ce mu shinshina. Ta san wadda ke kumbura ta cika tukunya, ta san wadda ke caɓewa in ruwa ya yi yawa, ta san sabuwa daga wadda ta shekara. Aka dafa mana garau-garau da manja da yaji. Ni da nake cin 'yar gwamnati a birni, sai na ji ashe ƙamshi ne na daɗe ban ji ba.

Da la'asar muka leƙa layin injinan casa. Ƙura, ƙara, buhuna har rufi. Nan na ga abin da ya ɓata mini rai: sababbin buhunan da babu komai ciki, an buga musu sunaye da hotuna irin na shinkafar waje. Tun da aka rufe iyakoki a watan Agustan 2019 kasuwar 'yar gida ta buɗe, an samu injinan da ke cire tsakuwa, amma har yau mai saye a Legas ko Fatakwal ya fi yarda da buhun da ya yi kama da na Tailan. Wani dillali ya ce mini, "Alhaji, abin da kasuwa ke so shi muke ɗinkewa." Ban ga laifinsa shi kaɗai ba.

Laraba

Kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan. Kwanduna jere, manyan motoci na lodi zuwa Kudu, ana ciniki cikin hanzari domin tumatir ba ya jiran kowa. Wanda bai samu shiga ba, a yanka a shanya ya zama kauɗa, wani ma a ƙasa tsirara, ya kwashi yashi. Kamfanin tumatir na Ɗangote da ke Kadawa an buɗe shi a 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, tun daga nan yana aiki yana tsayawa. Ba mu daɗe ba, rana ta yi zafi.

Alhamis

Ban yi niyyar zuwa wajen marina ba, wani dattijo ne ya ja mu. Ya fito da rawani baƙi wuluk mai walƙiya, ya ce, "Kun san sunansa?" Ɗan Kura. Siraran ƙyallaye ake haɗawa, a rina da baba, a kai wa mabuga su doke shi har ya riƙa ɗaukar ido. Buzaye sun yi zamani suna sayensa, ya kai Agadas ya wuce cikin Sahara, kuma da sunan garin nan ake cinikinsa. Ba wanda ya taɓa tunanin ya ce daga wata ƙasa aka kawo shi, domin sunan Kura shi ne tsadarsa.

Malam ya yi shiru, can ya ce, "Baba, ashe kun riga Faransawa." Dattijon bai gane ba, ya dai yi dariya ya naɗe kayansa.

Juma'a

Bayan masallaci muka zauna da wasu 'yan ƙungiyar masu shayar da gonaki. Malam ya kawo musu misalin da ya fi kusa: a Nijar an yi wa kilishi da albasar Galmi rajistar suna, yadda ba kowa zai yi amfani da shi ba. Wani matashi ya ce su matsalarsu taki ne da yashe kanal, ba rubutun buhu ba. Yana da gaskiya. Amma takin nan da kuɗin shinkafa ake sayensa, kuma ribar da suna ke jawowa a hannun mai buhu take tsayawa.

Abin ba ya buƙatar jiran Abuja. Masu turara da masu inji da dillalai su yarda a kan iri, da bushewa, da tsabta, wanda ya cika sharaɗi ya buga "Shinkafar Kura" da shekarar girbi, wanda ya yi algus a hana shi. Kai kuma mai saye a kasuwar Dawanau ko Singa, in ka je awo, ka tambayi mai shago daga wane gari shinkafar ta fito.